Gurbi na Uku

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma. Ba Kura ya koma ranar Alhamis da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Mairi, aka sallace shi bayan azahar. Ba Kura muke ce masa, wato babban uba, don shi ne yayan mahaifina.

Abin da na ji a zaman makoki shi ya sa nake wannan rubutu. Kwana uku ina kai da kawo da butar shayi, ina jin mutane suna yabon wani mutum da ba shi ba. Liman ya ce mai haƙuri ne. Wannan gaskiya ne. Wani maƙwabci ya ce, "Allah Ya jiƙan mai gyaran kwamfuta." Wata 'yar uwar matarsa ta ce sau biyu yana gyara mata waya, yanzu ba ta san wa za ta kai wa ba. Wayar nan ni na gyara, shi dai ya miƙa mata. Gwaggona kuwa, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, da aka tambaye ta aikinsa sai ta ce, "Yana dai zama gaban inji a asibiti. Amma ba likita ba ne." Ta faɗi ƙarshen a hankali, kamar tana rufa masa asiri.

Mutum ɗaya ce ta faɗi abin da yake daidai. Wata mata ce daga Konduga, babu wanda ya san ta a gidan sai ni. Ta zauna a bakin ƙofa, ta yi gaisuwa da Kanuri, aka kawo abinci ta ce ta ƙoshi. Gwaggo ta tambaye ta dangantakarta da mamacin.

"Ban taɓa ganinsa ba," in ji ta. "An ce mini shi ya hana a rufe katina."

Gwaggo ta dube ni. Na ce zan yi mata bayani daga baya. Ban yi ba. Ga bayanin.

Akwai wata ƙungiya mai ƙananan asibitoci a cikin gari da kewaye. Da ɗaya ne kawai, a Gamboru, katunan marasa lafiya suna cikin kwalaye, ɓera yana cin rabonsa. Ba Kura ne ya zana tsarin da ya mayar da su cikin kwamfuta, shi ya rubuta manhajar da hannunsa. Asibitocin suka yi ta ƙaruwa, tsarin yana bin su, har ya zama mace za ta yi awo a Gamboru, ta haihu a Konduga, a kai jaririn rigakafi Mairi, duk a kati ɗaya. Aikinsa ke nan. Ni ina ɗakin kati na Gamboru tun da na gama sakandare. Sau biyu ya sa na yi jarrabawar buga rubutu kafin a ɗauke ni, sauran sau ɗaya suka yi, wai don kada a ce ya sa baki.

Ba ya zane a kwamfuta. Da kofunan shayi yake yi, a kan tabarma. Ya jera su ya ce kowane kofi asibiti ne, butar kuma babbar kwamfutar hedikwata ce. Sai ya ɗauke butar ya ɓoye a bayansa, ya tambaye ka, "Kofi ya zubar da shayinsa?" A haka ya gina shi. Kowane asibiti yana riƙe da nasa, yana aiki ko babu sabis, in sabis ya dawo su gaya wa juna abin da ya faru a bayan ido. Lokacin da garin nan ya yi wata da watanni babu wutar lantarki, da sola ɗaya muka ci gaba da yanka kati.

Kafin a haɗa sabon asibiti da tsarin, sai ya je da kansa ya zauna a benci cikin marasa lafiya, daga safe har azahar, ba ya taɓa komai. Na taɓa tambayarsa me yake kallo.

"Ina neman inda ma'aikaci yake yin ƙarya."

"Ƙarya kuma?"

"An tambayi tsohuwa ranar haihuwarta. Ba ta sani ba. Kwamfuta ta ƙi wucewa sai an cika. Me zai yi?"

"Ya sa ɗaya ga watan ɗaya."

"To kin gani. Ba laifinsa ba ne, laifin wanda ya zana ne. In ba ki ba mutum wurin da zai ce bai sani ba, zai cika miki da abin da ya ga dama, ke kuma ki ɗauka ilimi ne."

Wannan maganar na ji ta a bakinsa har na gaji da ita. Saboda ita ne a katin kowa, inda wasu suke da gurbi biyu, mai rai da mamaci, namu yake da uku. Na ukun: ba a sani ba. Kuma ba a sa mutum a gurbin mamaci sai ma'aikata biyu sun sa mabuɗinsu na sirri a kwamfuta, an rubuta wanda ya ga gawa ko ya tsaya a jana'iza. Katin da aka rufe ba ya fitowa in an nemi suna.

Ranar da ya fara gwada tsarin, da kansa ya fara. Katinsa shi ne lamba ɗaya. Lamba biyu na mahaifina ne, da yake yana da hawan jini, kullum yana hanyar asibiti. Mahaifina direba ne. Ina firamare ya ɗauki kaya wata safiya ya nufi Konduga, a shekarun da hanyar ba ta da kyau. Ba a ga motar ba, ba a gan shi ba. Ba Kura ne ya mayar da katinsa gurbi na uku, da hannunsa.

Faɗan da muka yi a kan wannan kati ne.

Bayan shekaru Mama ta je gaban alƙali, aka yanke hukunci, ta yi takaba. Ba Kura ne ya raka ta, shi ya zauna kusa da ita, shi ya tsawata wa dangin da suka fara ƙananan maganganu. Ni kuma na ce to an gama. Wata rana shugabarmu ta ɗakin kati ta fita cin abinci ta bar kwamfutarta a buɗe. Anti muke ce mata, Kirista ce daga kudancin Borno, tun zamanin kwalaye suke aiki da Ba Kura, duk Kirsimeti sai ta aiko masa da shinkafa da kaza. Na sa mabuɗina, na zagaya na sa nata, a wurin shaida na rubuta "alƙali". Na rufe lamba biyu. Ko minti ɗaya ban yi ba.

Washegari da safe sai ga shi ya sauko daga keke napep. Na manta cewa a tsarinsa ba a goge komai, duk abin da ka taɓa yana barin sawu da sunanka da lokaci.

"Uwata, fito."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana. In na ba shi haushi ya ce uwar gaggawa. Ran nan uwata ya ce, shi ya sa na san abin babba ne. Muka tsaya ƙarƙashin bishiyar maina.

"Wa ya tsaya a jana'izar?"

"Alƙali ya yanke hukunci. Kai ka raka Mama."

"Na raka ta, gobe ma zan raka. Alƙali ya buɗe wa mamarki hanya, ya yi daidai. Ni cewa na yi wa ya ga gawa."

"Babu."

"To me kika rubuta?"

"Na gaji, Ba Kura. Duk sanda na buga sunan gidanmu sai ya fito mini, ba a sani ba, ba a sani ba. Kai kana can ofis. Ni nake gani."

"Ni ma ina gani," in ji shi. "Lambarsa tana bin tawa."

Bai ƙara cewa komai a kan ƙaninsa ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne mabuɗin Anti. Ya sa na ba ta haƙuri a gaban ma'aikata duka, har da mai shara. Ya buɗe katin ya mayar gurbinsa, ya sa aka karɓe mabuɗina na mako guda, na koma kiran lamba a bakin ƙofa. Wata guda ban gaishe shi ba. In na hango shi a gidanmu sai in shige ɗaki. Duk Juma'a kuwa sai na tarar da ƙullin soyayyar fara da yaji a kan katifata, Mama ta ce ba ta san wanda ya ajiye ba. Na cinye, ban kuma gaishe shi ba. Ban san abin da nake taƙama da shi ba.

Matar Konduga ta zo bayan wannan da kamar shekara. Ta rame, tana tari, yara biyu suna riƙe da zanenta, ba ta da kati a hannu. Shekarunta nawa a daji, ita ma ba ta ƙirga ba. Dangin mijinta sun riga sun yi mata sadaka, har ƙanin mijin ya taɓa zuwa asibitin Konduga ya ce a rufe katinta, ma'aikacin ya ce a kawo wanda ya ga gawa, ba a kawo ba. Na buga sunanta da sunan mahaifiyarta. Kwamfutar ta yi ta juyi, ina bubbuga tebur da biro, sannan katin ya fito. A samansa da jan rubutu: kada a yi mata allurar fenisilin, ta taɓa kusan kashe ta. Ita ba ta san sunan allurar ba. Da sabon kati na yanka mata, da fari tas zai je gaban nas.

Na kira Ba Kura na gaya masa. Na zaci zai ce, kin gani. Sai ya ce, "To." Sannan ya tambaya, "Minti nawa ya ɗauka kafin ya fito?"

"Kusan biyu."

"Ya yi yawa."

Ya yi yawa kuwa, kuma kullum ƙaruwa yake. Katunan da ba a rufe ba sun taru, duk sunan da ka nema sai kwamfuta ta bi ta kansu gaba ɗaya. Layi ya kai bakin titi. Mata masu ciki suna tsaye a rana suna zagina, ni kuma ina zagin kwamfuta. Shi Ba Kura a lokacin ya yi ritaya, ciwon ƙoda ya fara kwantar da shi. Na zauna na rubuta wa shugabannin ƙungiya wasiƙa. Ban yi ladabi a ciki ba. Na ce tsarin ya tsufa, a yi wani abu ko mu ajiye aiki.

Suka yi wani abu. Suka ɗauko wani kamfani daga Abuja ya mayar da mu sabon tsari. Da takardar shirinsu ta iso, Anti ta ajiye mini ita a tebur. Gurbi biyu ne a sabon tsarin. Duk katin da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba, za a rufe shi ranar ƙaura. A shafin farko, a matsayin hujja, wasiƙata ce, da sa hannuna.

Na kai wa Ba Kura takardar gida bayan la'asar. Yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Ya karanta har ƙarshe, bai tsallake komai ba, ni ina tsaye ina jiran faɗa.

"Wasiƙarki gaskiya ce," in ji shi. "Ladabi ne babu. Na gina shi don asibiti uku, ya girma ban sake masa gindi ba. Wannan nawa ne. Kawo kofuna."

"Ba Kura, ka huta."

"Uwar gaggawa, yau ke ce mai cewa a huta? Kawo."

Na jera su a kan tire a gefen katifarsa. Ya raba su gida biyu. Waɗannan ɗakin gaba, katunan da ake taɓawa. Waɗancan ɗakin baya, waɗanda aka daɗe ba a taɓa ba. Ba rufe su za a yi ba, matsar da su za a yi, kowa da gurbinsa yadda yake. In an nemi suna, a duba gaba tukuna, nan take zai fito. In babu, kafin a yarda ma'aikaci ya yanka sabon kati, dole kwamfuta ta leƙa baya. Mutum ɗari za su wuce da sauri, na ɗari da ɗaya ya jira minti guda.

"Maimaita."

Na maimaita.

"Sake."

"Na gane, wallahi."

"Ban ce ba ki gane ba. Sake. Ba ni zan je ba."

Sau uku na faɗa. A na ukun ya rufe ido, na zaci barci ya yi, sai ya ce na manta in faɗi abin da zai faru in babu sabis. Na faɗa. Ran Talata ke nan, kwana biyu kafin rasuwarsa. Taron kamfanin kuma Litinin ne, kwana ɗaya bayan sadakar uku.

Mama ta ce kada in je, ba a gama karɓar gaisuwa ba. Na je.

Injiniyan kamfanin ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Ya san aikinsa, ya yi mana ta'aziyya da kyau, har ya ce ya karanta manhajar Ba Kura ya ga abubuwan da suka burge shi. Da ya kai kan maganar rufe katuna sai na ɗaga hannu. Ban jira an kira ni ba. Na tattara kofunan ruwan da ke tebur, har da na daraktan ƙungiyarmu, na raba su gida biyu, na faɗi abin da aka sa ni na faɗa sau uku.

Ya saurara har ƙarshe. "Malama, ɗakin baya ba sabon abu ba ne, za mu iya. Gurbi na ukun ne matsala. Manhajarmu biyu ta sani. Sai mun taɓa wurare da yawa, har da rahotannin da ake aikawa sama. Wata biyu aƙalla. Kuma ke kika rubuta cewa ba za ku iya jira ba."

"Ni na rubuta. Ban ce a kashe mutane a takarda ba."

Darakta ya ce in gyara harshena. Injiniyan ya ce babu komai. Ya ce a duk inda suka yi aiki, shekara biyar ita ce ƙa'ida.

Anti ce ta amsa, ba ta ko tashi ba. "Ɗana, a garinku in mutum ya shekara biyar bai zo asibiti ba, lafiya ce ta yi masa yawa. A nan ba haka ba ne."

Na ga darakta yana duba agogo, na san in aka tashi a haka an gama. Na ce wa injiniyan ya buɗe tsohon tsarin a kwamfutarsa, ya buga lamba biyu. Ya buga. Katin ya fito a jikin bango inda kowa yake gani: sunan, hawan jinin, ranar zuwa ta ƙarshe, har da sawun abin da na taɓa yi da yadda aka mayar.

"Mahaifina ne," na ce. "Ya wuce shekara biyar ɗinku da nisa. Rufe shi yanzu, ba sai ranar ƙaura ba. Ga wurin shaida nan a ƙasa. Sa sunanka."

Ya dubi wurin. Ya ɗora hannu a kan kwamfutar, ya ɗauke.

"Ban gan shi ba," in ji shi.

"Mu ma haka."

An ba su wata biyun. Gurbi na uku zai shiga sabon tsari, da ɗakin baya. Dokar mabuɗi biyu kuwa sun cire ta, sun ce ma'aikaci ɗaya ya isa muddin ya rubuta shaida. Na yi musu, ban ci ba. Da Ba Kura ne da ya ci, don shi ba ya ɗaga murya, sai dai ya yi ta tambaya har mutum ya gaji ya ga abin da kansa. Ni ban iya wannan ba tukuna.

Da muka koma Gamboru layi yana jiranmu. Anti ta ce kafin mu buɗe taga akwai aiki ɗaya, gara mu yi shi a tsarinsa tun yana nan. Na buga lamba ɗaya. Na sa mabuɗina. A wurin shaida na rubuta sunana, don na gan shi, ni na ja masa mayafi. Anti ta zagayo ta sa nata mabuɗin da hannunta, ta yi addu'arta a hankali, na yi tawa. Katin ya rufe.

Tsarin yana da wata ɗabi'a, in ka gama da kati sai ya nuna maka na bayansa. Lamba biyu ya fito. Anti ta miƙa hannu za ta kawar da shi.

"Bar shi, Anti," na ce. Na karanta shi daga sama har ƙasa, abin da ban taɓa tsayawa na yi ba. Sannan na buɗe taga na kira mai bi.

Gwaggo, aikin yayanki ke nan. Allah Ya jiƙan Ba Kura, Ya yafe masa, Ya sa kabarinsa ya yalwata, Ya ba shi amsa a bakinsa ranar tambaya. Wanda kuma ba mu san inda yake ba, Allah Ya sani.